Ƙaramin babur mai ƙafa huɗu: wanne zai daɗe yana maka aiki?

Mai neman babur mai ƙafa huɗu don aikin gona, zagayen shinge, bin dabbobi ko jan 'yar tirela, tambaya biyu yake haɗawa a baki ɗaya. Ta farko: in na murɗa makulli da sassafe, zai tashi? Ta biyu: nan da shekara goma, zai kasance abin hawa, ko tarin ƙarfe a jingine? Ta farko ita ce aminci, ta biyu ita ce ƙarko, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai injin da zai shekara ashirin bai bar hanya ba, amma in ya yi wata biyu a ajiye sai an sha fama kafin ya yi tari. Akwai kuma wanda taɓawa ɗaya yake tashi, rana ko sanyi, amma ranar da wata 'yar waya ta ci amanarsa, ko makanike sai ya nemo na'urar bincike. Kafin ka dubi sunan kamfani, ka san wanne daga cikin biyun ya fi damunka.

Baburan da ake kira ƙanana a wannan fanni sun kasu gida biyu. Akwai 'yan ƙanana na gaske, masu inji tsakanin kimanin cc 230 zuwa 300, waɗanda ƙafafun baya kawai ke turawa, irin su Honda Recon mai cc 229 da Kawasaki Brute Force 300 mai cc 271. Sai na gaba da su kaɗan, masu cc 400 ko kusa da haka, waɗanda galibi ƙafa huɗun duka ke ja in an buƙata: Suzuki KingQuad 400 mai cc 376, Honda Rancher mai cc 420, Yamaha Kodiak 450 mai cc 421, da Polaris Sportsman 450. Duk kamfanonin nan sun daɗe a harkar. Honda ta fito da mai ƙafa uku tun 1970, Suzuki kuma ita ta fara kawo mai ƙafa huɗu a 1982. Don haka bambancin da ke tsakaninsu bai tsaya ga wane ya iya ƙira ba. Kowanne ya zaɓi inda zai ajiye rauninsa, kai kuma aikinka shi ne ka gano raunin da za ka iya zama da shi.

Mu fara da giya, domin a nan ne gizo yake saƙa.

Hanya biyu ake bi wajen kai ƙarfin inji zuwa taya. Ta farko giyar haƙoran ƙarfe ce, irin ta babur da aka sani, mai hawa biyar da ribas, ana sauya ta da ƙafa, kulochi kuma yana kama kansa ba sai an matse da hannu ba. Wannan ita ce a Recon, da Rancher mai giyar ƙafa, da KingQuad 400 samfurin FSi. Komai nata yana cikin inji, yana wanka da baƙin mai, ruwa da ƙura ba su ganinsa. In ka ba ta mai mai kyau a kan kari, ka riƙa daidaita kulochi lokaci zuwa lokaci, da wuya ka ji ta yi ƙorafi. Shi ya sa har yau ake ganin Honda FourTrax 300, wanda aka ƙera daga 1988 zuwa 2000, yana jan kaya a gonaki, robobin jikinsa sun ƙoƙe sun tsattsage amma giyarsa lafiya lau.

Hanya ta biyu ita ce ta bel. Bel ne na roba mai kauri da ke gudu tsakanin faifai biyu masu buɗewa da tsukewa, shi ke sauya giya da kansa, kai dai ka danna totur ka tafi. Daɗin tuƙi kam babu musu, musamman ga wanda zai wuni yana tsayawa yana tashi, ko gidan da mutane da yawa za su riƙa hawa. Amma roba roba ce. Zafi yana cin ta, in ruwa ya shiga gidanta sai ta riƙa sulɓewa babur ya tsaya cak ana jin inji yana ihu. Abin da ya fi kashe bel shi ne jan kaya mai nauyi a hankali a babbar giya. A tsarin da bel ɗin kansa ne ke aikin kulochi, duk tashin da za a yi sai faifan ya goge shi kafin ya kama, in nauyi ya yi yawa sai ya ƙone wuri ɗaya, daga nan ka fara jin fizga. Maganin ba wuya: a sa ƙaramar giya duk lokacin da ake jan tirela, hawan tudu ko tafiyar rarrafe. Yawancin bel ɗin da ke mutuwa da ƙuruciya, wannan sakacin ne ya kashe su.

Sai dai kada a yi wa masu bel kuɗin goro. Yamaha ta tsara nata, wanda take kira Ultramatic, ta yadda bel ɗin kullum a ɗaure yake, ba ya saki ba ya gogewa wajen tashi. Wani kulochi dabam ne, a cikin baƙin mai, yake ɗaukar wahalar tashin. Suzuki ma kusan hanyar nan ta bi a masu bel ɗinta. Wannan ya rage matsalar ƙwarai, har Yamaha ta kai ga ba da garantin shekara 10 a kan bel ɗin wasu samfuranta a Amurka, kuma kamfani ba ya irin wannan alkawari a kan abin da yake tsoro. A ganina, in dai sai mai bel, to irin wannan tsarin ne ya fi kusa da ƙarkon giyar ƙarfe. Ya kusa, amma bai kamo ba, domin ko yaya aka lallaɓa shi, bel abu ne da aka san ranar canjinsa za ta zo.

Akwai wata tsaka-tsakiya da ya kamata a faɗa. Honda tana da tsarin da take kira ESP, inda giyar ƙarfen nan ce dai, amma ana sauya ta da maɓalli a hannu, wata ƙaramar motar lantarki ce ke yin aikin ƙafa. Tana kuma da mai kulochi biyu da ke sauya kansa, wanda ta sa a Rancher tun 2009. Cikin giyar yana nan da ƙarfinsa, amma an ƙara motar lantarki, da sensa, da wayoyi, da dogaro ga batir mai rai. In batir ya yi sanyi ko sensa ta ruɗe, giya na iya ƙin shiga alhali lafiyarta ƙalau. Kamfanin da kansa yakan sa wani ɗan ƙarfe a cikin kayan aikin babur don sauya giya da hannu in hakan ta faru. Ga mai ciwon ƙafa ko wanda ke yawan sa manyan takalma cikin laka, maɓallin rahama ne. Ga mai neman abin da ba zai taɓa barinsa nesa da gida ba, ni giyar ƙafa zan nuna masa.

Daga giya zuwa taya kuwa magana gajera ce. Duk waɗanda na ambata sandar ƙarfe ce a rufe ke juya ƙafafunsu, babu kaca. In aka kawo maka ƙaramin babur mai kaca aka ce na aiki ne, ka sani yashi da laka za su riƙa cin kacar da haƙoranta, kullum kana ɗauri kana shafa mai. Honda ta ƙara wata dabara tun daga Foreman 400 na 1995: ta kwantar da injin bisa tsawon babur, ta yadda juyinsa ya yi layi ɗaya da sandar, aka rage kwanar da ƙarfi zai sha kafin ya kai taya. Ƙarancin kwana, ƙarancin haƙora, ƙarancin abin lalacewa.

Sai sanyaya inji. Recon iska ce kawai ke sanyaya shi. KingQuad 400 iska ce da mai sanyaya baƙin mai. Brute Force 300, Rancher 420, Kodiak 450 da Sportsman duk masu lagireto ne. Mai iska ba shi da tiyon da zai fashe, ba famfon ruwan da zai yi yoyo, ba lagireton da reshe zai huda. Wannan babbar kwanciyar hankali ce. Amma iska sai ana tafiya take kaɗawa. In aikinka feshi ne ko jan kaya a tafiyar kunkuru na awa uku cikin tsananin rana, injin iska zai yi zafi sosai, baƙin mai ya tsinke da wuri, ringi da bawul su tsufa kafin lokacinsu. Mai ruwa yana riƙe zafinsa daidai, kuma injin da zafinsa bai hawa da sauka ya fi daɗewa daga ciki. Sharaɗinsa ɗaya: lagireto ya zauna da tsabta. Laka in ta bushe a jikinsa, ko ƙaiƙayin ciyawa ya toshe ramukansa, fanka za ta yi ta juyi a banza, sai ka wayi gari gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wanda ya san ba zai riƙa wanke lagireto ba, kada ya yaudari kansa, ya ɗauki mai iska.

Batun kafireta da injekta shi ne ya fi fito da bambancin aminci da ƙarko. Recon da Brute Force 300 sun daɗe da kafireta. Na cc 400 ɗin nan kuwa, sababbinsu duk injekta ne. Kafireta ba ta mutuwa, ana kwance ta da sukuddireba a wanke a mayar, ko bayan shekara nawa. Amma ba ta son zama. Fetur in ya daɗe a cikinta yakan bushe ya bar danƙo, ya toshe ɗan siririn ramin da ke ba inji mai lokacin da yake tsaye a kunne, fetur mai gaurayen etanol kuma ya fi saurin jawo ruwa. Baburin da ake hawa kullum ba ya ganin wannan. Wanda ake ajiyewa har wata uku, sai an rufe famfon mai an tsiyaye kafireta, in ba haka ba ranar da aka fi buƙatarsa ranar zai ƙi. Injekta kuwa tana tashi nan take, tana daidaita kanta da sanyi da tsayin wuri, tana kuma jure zama fiye da kafireta. Farashin wannan daɗin shi ne famfon mai na lantarki, da 'yar kwamfutar inji, da batir da dole ya kasance da ƙarfi. Su ma ba kasafai suke lalacewa ba, amma in sun lalace canji ake yi, ba gyara ba. Ka kuma duba ko babur ɗin yana da igiyar ja ta tayar da inji in batir ya mutu. Tsofaffin ƙananan da yawa suna da ita, sababbi da dama an cire, wasu kuma sai ka saya a ɗaura. Abu ne da ba a tunawa da shi sai an tsaya a tsakiyar daji.

Yanzu ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashi, ka yi ƙidaya. Recon da Brute Force 300 aksul ɗaya ne miƙaƙƙe a baya, ƙafafun gaba ba su ja, saboda haka ba su da gaɓoɓin nan masu lanƙwasa da ake rufewa da roba mai kama da zugazugi. Rancher mai miƙaƙƙen aksul da KingQuad 400, da yake gabansu yana ja, suna da irin robar nan guda huɗu a ƙafafun gaba. Kodiak 450 da Sportsman, waɗanda kowace ƙafar baya ke motsi ita kaɗai, suna da takwas. Kowace roba ɗaya, ƙaya ko kututture na iya yaga ta. In ta yage giris ya fita, yashi ya shiga, ba a jima sai ka ji ƙas-ƙas in ka karya kwana. Ga kuma ƙarin bushi da gaɓoɓi da ke saki da tsufa. Polaris ce ta yaɗa wannan tsari na ƙafafu masu cin gashin kansu da Sportsman 500 a 1996, kuma dalilin karɓuwarsa a fili yake: bayan mahayi yana hutawa, cikin babur kuma ya fi nisa da ƙasa. Kodiak 450 yana da tazarar kimanin santimita 24 daga ƙasa, Recon kimanin 15. A wuri mai duwatsu da kwazazzabai, wannan tazarar ita kanta ƙarko ce, don abin da bai bugi dutse ba ba zai fashe ba. A shimfiɗaɗɗen wuri kuwa, ƙarin kayan lalacewa ne kawai ka saya. Miƙaƙƙen aksul yana da wata fa'ida wajen jan tirela: nauyin bakin tirelar a kan aksul yake sauka, ba ya danne shokazoba har bayan babur ya zauna.

Birki ma da abin dubawa. Recon birkin ganga ne a rufe gaba da baya. Muddin robar bakinsa na da rai, laka ba ta shiga, yana daɗewa. Ranar da robar ta tsufa ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, sai tsatsa ta ci shi a ɓoye. Birkin faifai, irin na Brute Force 300, a buɗe yake, yashi yana cinye takalminsa da sauri, amma da ido kake gani, canjinsa kuma na ɗan lokaci ne. Wanda ya fi burge ni shi ne birkin baya na Kodiak 450, wanda ke rufe ruf cikin mai, ba ruwansa da laka.

To duk wannan zai sa mutum ya ce Recon ne gwani, tunda shi ya fi ƙarancin abin lalacewa. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, kuma abin yana damuna, don ina ganin ana ɗora wa ƙaramin babur laifin da ba nasa ba. Recon an yi shi ne ya ɗauki kimanin kilo 15 a gaba, 30 a baya, ya ja tirelar da ba ta wuce kilo 225 ba. Rancher yana ɗaukar kusan ninki biyu na wannan a jikinsa, yana jan kimanin kilo 385. Kodiak 450 an ba shi har kilo 600. In ka ɗauki mai cc 229 ka riƙa ɗora masa aikin mai cc 420, kulochi zai ƙone, boris ɗin aksul zai saki, firam zai tsage a wajen walda, sannan a ce ai ba shi da ƙarko. Haka in wurinka laka ce ko tudu mai santsi, mai ja da ƙafa biyu zai riƙa tono yana kafewa, kai kuma kana ba shi wuta, kowace kafewa tana rage masa kwana. Mai ƙafa huɗu zai ratsa wurin a hankali ba tare da ya wahala ba. Akwai kuma abin da ya fi inji muhimmanci: kaya fiye da kima, musamman tankin ruwa a baya a kan gangare, shi ke kifar da babur a kan mahayinsa. Waɗannan baburan na mutum ɗaya ne, babba, mai hular kwano, ba a goyo, ba a ba yaro.

Ga yadda zan yanke. In wurinka shimfiɗaɗɗe ne ko kusa da haka, kayanka marasa nauyi, za a hau kusan kullum, makanike kuma yana nesa, ɗauki Recon mai giyar ƙafa. Da tsohuwar zuma ake magani, ƙirarsa tun 1997 ba ta sauya sosai ba, kayan gyaransa a wadace suke. Brute Force 300, wanda Kymco ta Taiwan ke ƙera wa Kawasaki, ya dace da mai son wannan girman amma ba ya son sauya giya, muddin zai tuna da ƙaramar giya da wankin lagireto. In akwai laka, tudu ko tirela mai nauyi, haura zuwa cc 400, kuma a nan zaɓina na farko Rancher ne mai giyar ƙafa da miƙaƙƙen aksul, sai KingQuad 400 FSi ga wanda ya fi son inji marar lagireto. In mahayan da yawa ne, ko ƙasar mai duwatsu ce, ko bayanka ba ya son jijjiga, Kodiak 450 ne, ka karɓi robobi takwas ɗin a matsayin aikin dubawa na kowane mako. Sportsman ya fi su laushin tafiya da ƙarfin ja, amma yana son mai kula, wanda ba ya ƙyashin giris da duba bel. Su CFMoto na Sin sun inganta ƙwarai a 'yan shekarun nan, sai dai ba su kai waɗancan tsawon tarihin da za a auna su da shi ba, don haka kafin ka saya ka tabbatar akwai mai sayar da kayansu da zai amsa maka bayan shekara biyar. Wannan tambayar ma ka yi ta a kan kowane suna, don baburin da ya fi kowanne ƙarfi in ya rasa boris ɗaya, zaman jira zai yi.

Duk wanda ka ɗauka, awa ake ƙirga masa, ba kilomita kaɗai ba, don zai iya wuni yana aiki bai yi tafiyar kirki ba. Honda, alal misali, tana neman a yi sabis na farko bayan awa 20, sannan duk awa 100 ko kilomita 1,000, wanda ya riga zuwa. In kulochinsa cikin baƙin mai yake, sa mai na babur mai alamar JASO MA, don wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa kulochi sulɓi. Iskar taya 'yar kaɗan ce, galibi tsakanin psi 3 zuwa 7 gwargwadon samfuri, kuma sai da ma'aunin ƙaramar iska ake gane ta. Kwalta ba wurinsa ba ne: ƙafafun baya a haɗe suke juyawa, a kan kwalta suna gurzar ƙasa a kowace kwana, taya ta cinye, babur kuma ya yi wuyar sarrafawa.

In na hannu za ka saya, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa, sannan a kunna a gabanka. Shuɗin hayaƙi da bai ɗauke ba alamar yana shan baƙin mai ne. Ɗaga kowace ƙafa ka girgiza ta, ka ji ko tana wasa. Kwance ƙusar man akwatin haƙoran gaba da na baya, in ka ga man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, an nutsa da shi. Bi wajen walda da ido, musamman inda ake ɗaura tirela. Daga ƙarshe buɗe akwatin matatar iska, cire matatar, ka zura yatsa cikin bututun da ke wucewa zuwa inji. In yatsanka ya fito da ƙura, injin ya daɗe yana shaƙar ta, ko da fentinsa yana ƙyalli, ka nemi wani.